Kyamarar Sotvoldi Mai Ido Biyu

Kwana goma sha biyu kacal mijina Sotvoldi ya yi a Tashkent, su ma rakiyar buhunan zabibin gonarmu ya je yi, amma da ya dawo sai ka rantse shi ya raɗa wa birnin suna. Ya tafi da hular garinmu a kansa, ya dawo da wata baƙar hula shimfiɗaɗɗiya kamar gurasar da aka zauna a kai. A wuyansa ga wani ɗan baƙin akwati mai ido biyu, ɗaya a saman ɗaya, a hammatarsa kuma ɗaurin mujallu cikin harsunan da ko gaisuwa bai iya da su ba.

"Maman Dilbar," ya ce tun bai cire takalmi ba, "daga yau ki san da wa kike zaune. Mai ɗaukar hoto."

Na ce, "Sannu da hanya. Ina yadin da na ce ka sayo mini?"

Ya shafa akwatin. "Ga shi nan a wuyana."

Na je na ɗora shayi. Shekara goma sha tara ina zaune da mutumin nan, na san idan abu ya shiga kansa sai ya ga dama yake fita. Shi ke nuna majigi a zauren taron gonar haɗaka ta Karatut duk ranar Asabar, kuma kaf garin babu wanda bai taɓa kallon fim a birkice a hannunsa ba. Jarumi ya mutu, mu yi kuka mu share hawaye, can sai ga shi ana ɗaura masa aure. In an yi magana ya ce haka masu ilimi suke kallo.

Da abin a kanmu mu biyu ya tsaya, da ban ɓata bakina ba. Sai dai ya faɗa kan Norbibi-hola, yayar mahaifiyata, don mu hola muke ce wa inna. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana kiwon tsutsar alharini. Duk bazara sai ta kwashe kayan ɗakinta ta bar wa tsutsa, ita ta koma rumfa, tana saran ganyen tut, bishiyar da tsutsar ke ci, tana zuba musu har tafin hannunta ya koma kamar ɓawon itace. A wannan shekarar, da aka kai ƙwanson alharini, wato ɗan gidan zare da tsutsar ke saƙawa, rumfar awo, nata ya fi na kowa. Rais Ergash, shugaban gonar, ya tsaya a gabanmu mu mata masu tsince ƙwanso, ya ce za a kafa hotonta a allon yabo na ƙofar ofis ranar bikin alharini, saura kwana takwas.

"Gobe zan buga wa Usta Holmat waya a birnin Margilan," in ji Rais, "ya zo da akwatinsa."

Usta Holmat shi ne tsohon da ke ɗaukar hotunan allon tun ina yarinya, da katafaren akwatin katako mai ƙafa uku da baƙin mayafi da yake cusa kai a ciki.

Sai muryar mijina daga bakin ƙofa. "Usta Holmat? Haba Ergash-aka, a wannan zamanin?"

"Me hotunansa suka yi?"

"Je ka dube su. Mutum goma sha biyu a allo, kowa kamar an kama shi da kazar maƙwabta. Zauna, kalle ni, kada ka yi numfashi. Ai wannan ba hoto ba ne, tuhuma ce."

Toshpulat wanzami, maƙwabcinmu, ya zo kawo wa matarsa abinci. Ya ce, "Kai kuma naka yaya zai fito? A ga tsohuwa da goyo kafin a yaye ta?"

Sotvoldi bai ko kalle shi ba. Ya baje mujallunsa a kan buhu. "Manyan masu hoto a duniya uku ne. Akwai Bafaranshe, shi ɓuya yake, ya kama mutum bai sani ba. Akwai na fagen yaƙi, shi matsowa yake har sai ya ji numfashinka. Akwai Ba'amurke mai duwatsu, shi haske yake jira, ko zai yi wata guda. Kowa da salonsa ɗaya. Ni duka ukun na haɗa."

"Wa ya karanta maka duk wannan?" in ji Toshpulat.

"Wani malami a jirgin ƙasa. Kuma ka duba nan." Ya juya bayan kyamarar, ya nuna wata 'yar taga ja kamar ƙwayar wake, da lamba a ciki. "Me ka gani?"

"Ɗaya."

"Daraja ta ɗaya ke nan. Tun daga masana'anta suke rubutawa. Akwatin Usta ido ɗaya gare shi, nawa biyu. Ergash-aka, baƙi za su zo daga gunduma. So kake su ga allon Karatut kamar na kowane ƙauye, ko kamar na Mosko?"

Rais mutum ne da in ka ambaci baƙin gunduma ka gama da shi. Ya shafa tumbinsa, ya kalli idanun kyamarar guda biyu, ya ce ba sai an wahalar da tsoho ba.

A hanyar gida Norbibi-hola ta riƙe hannuna. Ita ba a taɓa ɗaukarta hoto ba tun da aka haife ta. Mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba, bai bar ko ɗan hoto ba, kuma na sha jin ta tana gardama da kanta kan ko hancinsa dogo ne ko gajere. Ta ce, "Mastura, ni ba allon ne ya dame ni ba. So nake in na tafi jikokina su san yadda fuskata take, kada su yi ta lalube kamar yadda nake yi. Mijinki ya iya kuwa?"

Na ce ya iya. Har yau ina jin kunyar wannan amsar.

Washegari ya fara da Bafaranshe. Da hantsi ya saɓi tsani ya nufi bishiyar tut da ke jikin katangar Norbibi-hola, wai zai ɓuya a ciki ya kama ta tana gasa gurasa ba ta sani ba. Abin da Tashkent ta mantar da shi, tsutsa ta gama cin ganyen bana. Duk wata bishiyar tut a Karatut an sare mata rassa tas, ta tsaya kamar dunƙulen hannu. A kan wannan dunƙulen ya hau ya tsuguna da baƙar hularsa, ana hango shi tun daga gadar shiga gari.

"Ina kwana, Sotvoldi-aka!" in ji masu wucewa gona.

"Shhh! Ɓuya nake yi."

Toshpulat ya fito da kujerarsa da butar shayi ya zauna a gindin bishiyar. Duk wanda ya zo sai ya ɗora yatsa a baki. "Jama'a a rage murya, akwai wanda ya ɓuya a unguwar nan."

"Wane ne?"

"Ina zan sani? Ba ka ji ya ɓuya ba?"

Kafin a jima mutum ya kai ashirin a tsaye, kowa ya ɗaga kai yana yabon ɓuyar. Ita kuwa Norbibi-hola tun hawansa ta gan shi, kuma ba za ta yarda hotonta na farko a duniya ya fito da tsohuwar riga da gari a goshi ba. Ta ja kallabi ta rufe fuska, ta juya masa baya, tana zuwa tanderu da baya da baya. Da gurasa ta gasu ta soka ɗaya a bakin gora ta miƙa masa sama ba ta juyo ba.

"Karɓi, ɗana. Ɓuya da yunwa babu daɗi."

Wajen karɓar ne ya sauko da ƙafa ɗaya kan tsani. Ragon Norbibi-hola, wani ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho da ba ya ga-maciji da duk abin da ke motsi, ya ja da baya taku uku ya zo ya yi wa tsanin gware. Mijina ya taho ƙasa da gurasa a hannu ɗaya, ya dira a gaban ragon, kyamarar ta ce ƙyas a daidai goshin ragon.

Ya miƙe yana ɗingishi. "Na ɗauka!"

"Wa ka ɗauka?" in ji Toshpulat ta saman katanga.

"Gwaji ne. Shi ma Bafaranshen da dabba yake farawa."

Da yamma ina shafa masa man tunkiya a ƙugu, idona ya kai kan 'yar jar tagar nan. Na ce, "Baban Dilbar, wannan abin murɗawar na gefe fa, na mene ne?"

"Kada ki taɓa! Na masu gyara ne. Haka mata kuke lalata kayan ƙarfe."

Kwana biyu yana kwance, a na uku ya tashi da salon fagen yaƙi. Ya sa aka kira Norbibi-hola ƙofar ofis da azahar, ta zo cikin farin kallabi ta tsaya jikin bango. Can gefe, ƙarƙashin rumfar inabi, Rais na zaune kan dakali da tiren shinkafa da nama a gabansa, ya cire hula, sanƙonsa na ɗaukar rana.

Ita wannan kyamarar ba a ido ake ɗora ta ba. A ciki ake riƙe ta, a sunkuya a leƙa ta sama kamar mai duba tukunya, kuma abin da ke dama a hagu take nuna shi. Wannan daga baya Usta Holmat ya faɗa mana. A ranar dai abin da muka gani shi ne mijina ya sunkuyar da kai ya taho.

"Kusa," yake cewa, "kusa. Tsaya nan, Hola, kada ki gudu!"

"Ni ko motsi ban yi ba, ɗana."

"Kin yi hagu!"

Ya bi ta hagu, ita tana dama. Ya ƙara juyawa, ya ƙara yin nisa da ita. Na ce, "Baban Dilbar, ga ta nan a bayanka." Ya ce in rufe masa baki, mai hoton yaƙi ba ya jin kowa. Can ya hango wani farin abu mai sheƙi a gilashinsa, ya ce, "Yauwa, na kama kallabin," ya nufe shi gadan-gadan. Ya taka ƙoramar ban-ruwa bai ji ba. Ya take takalman Rais bai ji ba. Rais ya ɗago da loma a hannu, ya ga ido biyu na nufo hancinsa, ya wangame baki zai ce "Kai!", kyamarar ta ce ƙyas, gwiwar mijina ta sauka tsakiyar tire.

Shinkafa har kan inabi. Rais ya miƙe da karas a gira. "Sotvoldi! Ubanka ne ya aiko ka?"

"Ergash-aka, ka yi sa'a. Akwai shugabannin da suka mutu ba a ɗauke su daga nan kusa ba."

"Saura kwana huɗu. In babu hoto ranar bikin nan, da kai da majiginka ku nemi wata gonar."

Na roƙe shi a gida. Na ce ya bari a kira Usta Holmat, shi sai ya ɗauki na baɗi. Ya ce hassada har cikin ɗakinsa ta shigo. Na ce lambar nan ta taga tun ranar da ya dawo take ɗaya, ba ta gaba ba ta baya. Ya ce so nake ta sauka ta koma daraja ta biyu don in ji daɗi?

Saura Ba'amurke. Da gari ya waye ya kai Norbibi-hola ƙarshen gonar auduga, inda ake ganin duwatsu masu ƙanƙara a ka. Ta sa rigarta ta atlas, yadin alharini mai launi-launi, wadda ta ajiye a akwati tun bikin ɗanta, ta sa 'yan kunnen azurfa na mahaifiyarta, ta shafa kwalli. Na yi shekaru ban ga ta yi kyau haka ba. Ya zaunar da ita kan kujera a tsakiyar fili, ya fara ja da baya.

"Dutsen bai shiga ba," ya ce, ya ƙara ja. "Har yanzu kansa a waje." Ya ƙara. Sai da ya kai inda in zai yi mata magana sai ya ɗora hannu a baki.

"Ka ɗauka mana!" na ƙwala masa.

"Haske bai nuna ba! Ina jiran gajimare ya zauna a kafaɗar dutsen!"

Sama kuwa tas, ko ɗigon gajimare babu. Rana ta hau. Masu cirar ciyawa suka ajiye fartanya suka zo kallo. Toshpulat ya rufe shago ya taho da askarsa, ya yi wa mutum uku aski a bakin gonar, yana tambayar kowa ko ya haɗu da gajimare a hanya. Wani ya ce ya ga ɗaya jiya wajen Kokand, amma da alama ba nan ya nufo ba.

Na kai wa Norbibi-hola shayi da rana tsaka. Gumi ya ja kwallin ya sauko kumatunta, ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmi. Na ce, "Hola, tashi mu tafi, wallahi abin nan ya isa."

Ta ce, "Bar shi, Mastura. Shekara sittin da bakwai na jira, yini ɗaya ba zai kashe ni ba. Goge mini fuskar dai."

Na goge, raina yana ƙuna. Sai bayan la'asar wani ɗan gajimare kamar ƙullin auduga ya leƙo. Mijina ya yi ihu, "Kada kowa ya yi numfashi!" Toshpulat ya ce ashe shi ma ya iya na Usta Holmat. Muka ji ƙyas daga nesa, ko kuma muka ɗauka mun ji. Ni da matar Toshpulat muka tallafi tsohuwa zuwa gida.

Fitar da fim daga kyamarar ya gagare shi, amma bai ce ya gagare shi ba. Cewa ya yi manyan masu hoto ba sa sa hannu a ruwan magani. Ya naɗe kyamarar gaba ɗaya a tawul ɗina ya ba direban motar madara ya kai wa mai wankin hoto a Margilan, da saƙon a wanke na uku, a yi shi babba, a sa a firam.

Ranar biki gari ya cika. Masu kakaki sun tsaya a ƙofar ofis, an kafa tukwane, 'yan makaranta sun yi layi da furanni. Baƙon gunduma ya zo a baƙar mota, wani siririn mutum mai tabarau da ba ya dariya. Har Usta Holmat na hango a gindin bango da akwatinsa mai ƙafa uku, don duk shekara yakan zo ya ɗauki iyalai ranar biki. Hotunan allo goma sha ɗaya na sauran gwaraza duk nasa ne na da, gurbi ɗaya ne fayau a tsakiya. Norbibi-hola na zaune a layin gaba cikin rigar atlas, jikokinta biyar kewaye da ita.

Motar madara ba ta iso ba sai da Rais ya fara jawabi. Direba ya miƙo kyamara da wani faffaɗan abu naɗe cikin takarda, an ɗaure da igiya, da 'yar wasiƙa a soke. Ni na zare wasiƙar na karanta wa mijina a kunne: "Hoto ɗaya ne tak a fim ɗin, sauran babu komai. Shi na wanke tunda an ce da gaggawa. Na sa maka sabon fim. In ka shigo gari ka zo in nuna maka wani abu."

Na ce, "Mu buɗe mu gani tukuna."

"Kin ji ko? Shi kansa ya ga guda ɗaya ya shafe sauran. So yake in je in koya masa." Ya fizge abin daga hannuna. "Aikin gwani ba a fara nuna wa matar gida."

Ya rataye shi a gurbin da takardarsa. Rais ya gama jawabi, aka busa kakaki, ya kama gefen takardar ya yage ta da hannunsa.

Bakin Rais ne ya cika hoton, a wangame, haƙoran zinariya huɗu a jere, ƙwayar shinkafa manne a leɓe. A saman sanƙonsa ƙahonin rago biyu, murɗaɗɗu, sun zauna daram kamar da su aka haife shi. Dutse mai ƙanƙara ya fito masa a karan hanci. Can cikin bakin kuma, a kan harshe, ga wata 'yar mitsitsiyar tsohuwa zaune bisa kujera, ta ɗora hannuwa a cinya. A ƙasa an riga an rubuta da jan fenti: Gwarzuwar alharini ta bana.

Kakaki ɗaya ya sarƙe a tsakiyar busa. Sai wata mata can baya ta ce, "Wayyo, Rais ya haɗiye Norbibi!" Shi ke nan fa. Mutane suka zube. Akwai wanda ya rungume bishiya, akwai wanda ya cusa hula a baki. Mai juya shinkafa ya zauna a ƙasa da ludayinsa yana share hawaye.

Baƙon gunduma ya gyara tabarau ya matsa. "Ergash, wannan kai ne?"

"A'a. Wato, eh. Bakin nawa ne."

"Ƙahon fa?"

"Ba nawa ba ne!"

"Mu ma dai yau muka fara ganinsu," in ji Toshpulat.

Baƙon ya ce, "Wa ya yi wannan? Me ake nufi da shi? Shugaba yana cin ma'aikata?"

Shi kuwa Sotvoldi ko a rami ya faɗa sai ya ce wanka ya shiga. Ya gyara hula ya fito. "Ranka ya daɗe, salo ne. Yanzu haka shi ake yayi a Faransa. Ma'anarsa, shugaba ya ajiye ma'aikaci kusa da zuciyarsa."

"Ta baki ake bi zuwa zuciyar?"

"A hoto, eh."

Usta Holmat ya taso a hankali, ya miƙa hannu. "Ɗana, ara mini in gani." Ya juya kyamarar, ya ɗora yatsa kan abin murɗawar nan na gefe. "In ka ɗauki hoto, kana murɗa wannan kafin ka ɗauki na gaba?"

"Wannan na masu gyara ne."

Tsohon ya murɗa, ya murɗa, ya nuna masa jar tagar. Lamba biyu ta fito.

"Innalillahi," in ji Toshpulat, "ta sauka daraja ta biyu!"

"Shi ke tura fim gaba," in ji Usta. "Kai duk abin da ka ɗauka a wuri ɗaya ka jibge shi. Ka gode Allah uku ka tsaya."

Dariya ta sake tashi, har baƙon gunduma na ga ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Ana cikin haka Norbibi-hola ta miƙe. Idonta ba ya gani sosai, sai ta tako har gaban allon, ta ɗaga kai tana dubawa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Mastura, ina nake?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ɗora yatsa a kan harshen Rais. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta daɗe tana kallo.

"Rigar ce wannan," ta ce. "Fuskar fa?"

Babu fuska. Ɗigo ne kamar ƙwayar riɗi. Ta juyo ta dubi jikokinta, ta dubi mijina, ba da faɗa ba, ta ce, "Ɗana, yini guda na zauna maka a rana."

Dariyar ta mutu. Sotvoldi ya cire baƙar hular ya riƙe a hannu, kunnuwansa sun yi ja.

Usta Holmat ya riga ya kafa ƙafafun akwatinsa. "Kawo kujera. Norbibi, zo ki zauna, hasken nan ma ya isa. A samo mini zane a riƙe a bayanta."

Aka cire shimfiɗar teburin baƙi mai zanen rumman. Rais ya nuna mijina da yatsa yana huci. "Shi zai riƙe. Ka hau benci, ka ɗaga hannu, in ka sauke kafin a ce ka sauke, wallahi a bakin nan da ka ɗauka za ka kwana."

Ya hau ya ɗaga zanen, ya ɓace a bayansa, ba a ganin komai nasa sai yatsu. Karon farko ke nan da ya ɓuya da gaske. Na gyara wa Norbibi-hola kallabi, na goge mata ido. Ta zauna ta ɗaure fuska kamar sauran mutanen allo, Usta ya cusa kai cikin mayafi ya fito, ya kama marfin gilashi.

"Kalle ni. Kada ki yi numfashi."

Sai murya daga bayan zane, ƙasa-ƙasa. "Usta, ni da za ka ji tawa, da ka ɗan jira gajimare ya..."

Norbibi-hola ba ta juya ba. Gwiwar hannu kawai ta kai baya, hannun da ya yi shekara talatin da ɗaya yana saran itace. Zanen ya ce "uf". Murmushi ya suɓuce mata, Usta ya cire marfi ya ƙirga uku ya mayar.

Bayan mako guda aka kafa hoton, kuma a tarihin allon Karatut shi kaɗai ne wanda mai shi ke murmushi. Mijina ya ci gaba da nuna majigi a birkice. Kyamarar na ba 'yarmu Dilbar, ita ta iya murɗawa. Wancan hoton na ƙaho Rais ya ce a ƙona, amma na san ɗakin da yake rataye, kuma duk mai zuwa aski ya san shi.

Norbibi-hola ta rasu da sanyin shekara ta biyu. Da aka sauke hoton daga allo jikokinta suka kai shi gida, yana nan a bangon ɗakin da take bar wa tsutsa. Fuskarta ta fito tsaf, har ɗan tabon da ke gefen girarta. A saman zanen kuma, in ka lura, akwai yatsu takwas a jere. Sotvoldi duk baƙon da muka kai gidan sai ya ja shi gaban hoton ya ce ya duba murmushin nan da kyau, Usta marfi kawai ya cire. Ni dai ba na ƙaryata shi. 'Ya'yan jikokinta da ba su taɓa ganinta ba sukan tsaya su tambaye ni wa kaka take yi wa dariya, sai in ɗaga su sama in nuna musu yatsun.